Kunnen Hagu

A kantin magani na ji ta, ranar Talata,
ina riƙe da takardar hawan jinin mahaifiyata.
Daga wata 'yar lasifika a silin ta sauko,
ba ta tambayi ko ina da lokaci ba,
ta cafke ni a tsintsiyar hannu
ta mai da ni 'yar shekara sha biyar.

Valparaíso. Gidajenmu maƙale a jikin tudu
kamar shanya a igiya, shuɗi, rawaya, kwano mai tsatsa.
Ni ce Yasna mai i'ina,
wadda sunanta kan tokare ta a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.
In malam ya kira rajista, 'yan aji su hau ƙirga,
ɗaya, biyu, uku,
kafin "ga ni" ta samu hanya.
Na koyi bin gefen bango.
Na koyi gyaɗa kai a inda ake cewa e.

Aníbal ba kyakkyawa ba ne, gara in faɗi gaskiya.
Kunnuwa fato-fato, wando ya ɗage,
hannu na ƙarnin kifin da ya taya babansa saukewa da asuba.
Amma yana da 'yar rakodar aljihu
da waya mai kai biyu.
Ya miƙo mini na hagu.

A akwatin katakon nan da ke hawa tudu kan dogo,
yana ƙugi, yana kukan tsufa,
muka tsaya kafaɗa da kafaɗa.
Tsawon wayar ne ya yanke mana tazara,
in na waiwayi teku, sai shi ma ya waiwaya.

Daga rediyo ya naɗo waƙar,
shi ya sa a tsakiyar baiti na biyu
wani mutum kan faɗo ciki da muryar mura:
"Bakwai saura kwata, gobe da ruwa, ku fita da lema."
Sai jita ta dawo, kamar ba a yi ba.
In batir ya yi sanyi mu zura biro mu yi ta juyi.

Wata yamma na bi waƙar ban sani ba.
Harshen da ke tuntuɓe a fili fetal
ga shi yana gudu a kan zare.
Aníbal ya zare nasa kan wayar, ya zuba mini ido.
"Ashe," in ji shi.
Iyakar abin da ya ce ke nan,
ya ishe ni guzurin shekara talatin.

Ban warke ba. Kada a ƙara wa labarin gishiri.
Da safe sunana ya sake maƙalewa, aka sake ƙirga.
Amma a ranar na tsaya cak har ya fito,
na tuna kaset ɗinmu ma yakan katse,
kuma ba mu taɓa son wani kamarsa ba.

Ya tafi arewa, wurin haƙar tagulla.
Wasiƙa biyu, sai shiru.
An ce yana da 'ya'ya mata uku, da sanƙo.
Ba na bin sa bashin komai.

Yanzu ga waƙar a silin, tsaf, an wanke ta an goge.
Ta iso baiti na biyu, na riƙe numfashi
ina jiran mai mura ya faɗi lokaci.
Bai zo ba.
Ta wuce sumul, kamar fuskar da ba a taɓa yin kuka da ita ba.

"Suna?" in ji mai kantin, alƙalami a sama.
Layi ya yi tsawo a bayana, wani na buga ƙafa.
Na buɗe baki, ya tsaya inda ya saba tsayawa.
To, su jira.
Kunnena na hagu ya ɗau ɗumi,
a waje kuma an fara yayyafi,
ban fito da lema ba.