Ramuka Huɗu a Jikin Ƙofa

Ni ne mai sukurdireba a kotun Paso de los Toros.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗaura sunaye,
ina kwance su.
Ƙofar dai ita ce, ramukan huɗu ne,
sun dai gaji, sun saki baki,
sai na cusa tsinken ashana kafin noti ya kama.

Yau na kwance Ofelia Barrenechea.
Shekara huɗu takarda ta ce,
huɗun sun cika jiya da faɗuwar rana.
Ba ta ci na kowa ba. Ba wanda ya kai ƙararta.
Kalanda ce ta yanke mata hukunci,
kalanda kuwa ba a ɗaukaka ƙara a kanta.

Ta bar shari'ar Eleuterio tsaka-tsaki:
tumaki goma sha bakwai sun ƙetare waya,
maƙwabci ya ce ciyawar cikinsu tasa ce.
Sau uku ta je gonar da takalmin roba,
ta auna da sawunta,
ta gane turken da aka matsar cikin dare.
Irin wannan sani ba ya shiga fayil.
Zai hau motar ƙarfe shida tare da ita,
ya ƙetare Kogin Negro.

Sabon ya iso daga Montevideo da hantsi,
Nicanor Etchegaray,
gemunsa bai gama haɗuwa ba.
Ya rantse, muryarsa na rawa kamar mazari,
sannan ya ja ni gefe:
wai kujerar nan tana juyawa?
Na ce, yallaɓai, ai ba ta da wani aiki.

Inda allonta ya zauna, katakon ya fi haske.
Nasa ya fi nata gajarta,
don haka ɗan fari zai riƙa leƙowa ta gefe
har rana ta daidaita su.

Ina da gwangwanin biskit a ƙarƙashin matakala.
Mutum takwas ke kwance ciki, tagulla kan tagulla,
mai tsanani a kan mai barci,
mai barci a kan wanda ya yi kuka ran tafiya.
Na goge ta da hannun riga, na sa ta ta tara.

Eleuterio na kan benci, hula a gwiwa.
Ya ce, daga ina zan ɗauko masa?
Na ce, daga tunkiyar farko.