Lissafin Alkafura

Da asuba nake zuwa, kafin rana ta gasa kwalta,
don iskar Sakkwato in ta ɗau zafi
fiffike ba ya samun abin riƙo.
Maigadi ya ja ƙofar rumfa,
ga Tsattsewa nan, ja kamar akuyarmu,
kujera biyu, hanci sama, ko gaisuwa babu.

Na daina auna ta da naira,
naira ruwa ce a kwando.
Da buhun albasa nake awo,
albasar fadamar da Baba ya bar mana a Kware.

Manta ba irin na mota ba ne,
a duro yake zuwa daga Legas, bayan tirela,
kowane duro da buhunan da yake haɗiyewa.
Kuɗin rumfa duk wata, ko ta tashi ko tana barci.
Mai inshora ya gyara tabarau ya ce
wanda ke kifa jirgi da gangan
farashinsa daban da na masu hankali.
Likita ya leƙa idona, ya saurari ƙirjina,
ya karɓi nasa.
Har lemar ceto da ban taɓa buɗewa ba
sai an warware ta an sake naɗewa,
in biya, ina roƙon kada ranarta ta zo.

Bara Injiniya Sambo ya taso daga Zariya,
kuɗin mota nawa, masauki nawa.
Ya shafa farfela kamar mai taya saniya,
ya tsaya.
Tsaga ce, siririya kamar gashin gira.
Sabuwa sai daga ƙetare, kuma da dala.
Kafin in haɗa kuɗin dala ta hau,
kafin in cika ta sake hawa,
da ta iso ta yi wata huɗu a hannun kwastan.
Damina ta zo ta wuce,
zanzaro ya gina ɗaki a bututun auna gudu,
shi kaɗai ya ci moriyar hayar da na biya.

Yayata Inno ce ke riƙe da littafi.
Ta buɗe shafi, ta ɗora yatsa a kan jan layi:
"Modi, mi kaka biɗa bisa?
Albasa dai ƙasa take.
Soro na zuba, Luba ba ta yi rajista ba."
Na dubi tabarma.
Amsar da nake da ita ba ta shiga littafi.

Ga ta nan dai, Inno:
in na ja sanda zuwa cikina,
jini ya gudu ƙafa, ido ya yi duhu-duhu,
sai Gulbin Rima ya koma bisa kaina,
gonakin shinkafa a rataye kamar shanya,
masu jakai suna tafiya a kife, yashinsu bai zube ba.
Can a ƙolin juyi nauyi ke sakina.
Daƙiƙa uku.
Ba mai bina bashi a wurin.

Sai allurar mai ta sunkuya,
in sauko.

Wani ya zo daga Kaduna ya taya,
tayin bai yi muni ba.
Na ce ya bari sai an cire albasa.
An cire sau uku ke nan.
Jiya ma na sayi tsumma sabo,
na goge mata ƙwarin da suka mutu a goshinta.