Ɗan Akwatin Fadamar Bunza

Shekara goma sha bakwai ina gadin injinan ban-ruwa
a fadamar Bunza, inda shinkafar rani ke shan gulbi.
Inji tara, ƙafa biyu, tocila ɗaya.
Kafin in kai na tara, na fari ya yi shiru,
in juyo, laka har gwiwa, sauro na yi mini goge a kunne.

Bara Tsahara, ɗiyar ƙanena,
ta dawo daga karatu a Birnin Kebbi
da wani abu a jaka, bai kai kwanon sha ba,
ƙaho biyu gajeru irin na ɗan akuya.
Ta ce rauta ake ce masa.
Ta zura masa sim, ta ɗaure shi a sandar sola,
ta ja siririyar waya zuwa cikin inji.

Alhaji Arzika, shugaban ƙungiya,
kuɗi ya tambaya kafin aiki.
Da ta faɗa, ya ture hula baya:
“Buhun shanshera biyu kacal?
Wanda aka taɓa kawo mana talla, rabin rumbu ya nema.”

Ta ce, da gangan aka rage masa ƙarfi.
Ba ya dakon fim, ba ya dakon hoton biki,
abin da inji ba ya buƙata an sauke masa.
Magana uku ya iya:
ruwa na tafiya,
ruwa ya tsaya,
inji ya ɗau zafi.
Cinsa kaɗan ne, batir ɗaya ya kai shi asuba.

Na ce, yarinya, ai ni kika siffanta.
An rage mini ƙarfi, cina kaɗan,
kuma ban taɓa faɗa wa Alhaji abin da ya wuce ukun nan ba.
Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Wata guda ba na kallon sandunan.
Tara aka kafa, kowanne da ɗan koren idonsa
yana ƙyaftawa cikin duhu kamar ya san albashina.

Sai daren wata Laraba, shinkafa ta fara ciki,
wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi:
na shida ya tsaya.
Ƙarfe biyu da kwata.
A da sai na bi biyar kafin in sani,
yau na miƙe ta kan kunya, kai tsaye.
Kainuwa ce ta toshe bakin tiyo,
da wani tsohon buhun taki, da gawar kwaɗo.
Na tuɓe riga, na shiga har ƙirji,
na yaye su da hannu.
Inji ya yi tari, ya tofar, ya kama.

Ina fitowa, jiki na ɗiga, wayar ta sake motsi:
ruwa na tafiya.
Na ce masa, na sani, ni na tafiyar da shi.

Shi ya san an tsaya, bai san dalili ba.
Bai san warin belin da ke shirin tsinkewa ba,
ko sawun shanun da suka ratsa da yamma.
Ranar da man janaretan eriyar gari ya ƙare
bebe ya koma har kwana biyu,
na ɗauko tocilata, ba gori, na yi zagayen da na saba.

Yanzu ina kwana a bukka, ƙafafuna a bushe.
Kaushin dugadugaina ya fara rufewa.
Tsahara na can Suru tana ɗaura wasu,
ta ce masu injin casa ma sun yi layi.

Da safe in na wuce sanda ta shida
nakan share masa kashin tsuntsu da gefen rawani.
Ba ma gaisawa.
Ma'aikata biyu ne masu gajeriyar magana,
an ɗauke mu da araha,
ruwa kuwa na tafiya.