Yatsu Biyu

A Tacuarembó, ajin farko,
yara sha tara cikin fararen riguna,
shuɗin ƙyalle ɗaure a wuya,
kowa da allon gilashi mai haske a cinya.

Malama Nélida ta ce a nemo harafin O.
Allo ya yi ƙara, ya ba Facundo tauraro,
ya ba Maite biyu.
Ita malamar ba wanda ya ba ta komai,
shayinta ma ya huce a kan tebur.

Can sai ga tururuwa a jikin taga,
ta ɗauko ganyen da ya fi ta girma.
Ramiro mai sabon giɓi
ya ɗora yatsu biyu a kan gilashin,
ya ware su a hankali.
Tururuwa ba ta ƙaru ba.
Ya sake. Ko gezau.

"Malama, tagar nan ta lalace."

Dariya ta zo mata iya wuya, ta haɗiye.
Ta ce a kife alluna.
Suka yi cincirindo, hanci a gilashi,
numfashinsu na dusashe shi, suna gogewa da hannun riga.

Har aka kaɗa ƙararrawa
ganyen bai kai gida ba.