Ruwan Banki, Ruwan Sama

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran birkin taragun Porto.
Ranar da na ajiye sifana suka ba ni kuɗin sallama,
na ɗora bashin banki a kai,
na sayi gida mai hawa uku a wani lungu na Campanhã,
gabansa tayil shuɗi, bayansa gansakuka.

Dillali ya ce, "Senhor Aurélio, gida shi zai biya kansa."
Bai gaya mini ruwa biyu za su ci ni ba.

Na banki a ambulan yake zuwa,
bara uku cikin ɗari, bana huɗu da rabi,
ba hadari, ba tsawa,
sai in buɗe wasiƙa in ji ya kawo mini gwiwa.
Na sama kuwa tsagar rufi ya samu,
ya sauka kan littattafan ɗalibai biyu a hawa na uku,
suka turo mini hoton bokiti da ƙarfe biyun dare.

Na baje rasit a teburin kicin.
Haya uku, Yuro dubu da ɗari bakwai da arba'in.
Banki ya kwashi dubu da ɗari biyu kafin in ce uffan.
Haraji, inshora, wutar matakala,
abin da ya rage bai sayi tsani ba, balle ya hau da kafinta.

To, in ɗaure ruwan a farashi guda shekara goma,
ko in bar shi yana kiwo a kasuwa?
Hayar wata nawa zan ɓoye
saboda ɗakin da zai kwana ba kowa?
Kafin alƙalamin da Ivo ya bari
zai toshe ramukan da ya huda a bango,
ko in sayi siminti in yi shiru?
Lurdes ta leƙo daga ɗaki, ta ce,
"Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kashe fitila."

Dillali ya dawo da sabon takalmi.
Ya ce, "Tsohuwar nan ta ƙasa, ɗari biyu da sittin take biya.
Lallaɓa ta ta tashi, ka zuba 'yan yawon buɗe ido,
kwana uku nasu ya biya watanta."
Na ce zan duba.
Kuma na duba, ba zan ɓoye ba,
sau huɗu na buga a kalkuleta, sau huɗu ya yi daɗi.

Sai daren sha tara ga Fabrairu
bututu ya fashe a ƙarƙashin matakala.
Ina can ƙetaren kogi ina minshari.
Dona Graciete, shekara tamanin da ɗaya,
ta fito da silifas da tocila,
ta durƙusa bayan mitar wuta
inda makunnin ruwan yake,
wurin da ni mai takardar gida ban san da shi ba,
ta murɗe shi da tsumma a hannu,
sannan ta kira ni, ta ce, "Ka zo da safe, ba gaggawa.
Ka taho da burodi."

Mai gyaran famfo ya duba katakon bene ya girgiza kai,
ya ce da ruwan ya kwana, da dubu takwas ta tafi.

A wane layi zan rubuta wannan?
Littafina gida biyu gare shi, shiga da fita.

Ranar Litinin na je banki na ɗaure ruwan,
na ƙara cin bashi don rufi,
ribata ta matsa gaba da shekara shida.
Na ce wa Dona Graciete zan ƙara mata Yuro goma.
Ta ce huɗu.
Muka tsaya a shida, da sharaɗin in gyara tagarta.

Yau ma ana ruwa.
Waya tana kusa da matashina,
har yanzu ba ta yi ƙara ba.