Janyewar Ruwa

Shekara talatin da ɗaya Deolinda na saƙar leshi
a bakin taga, a Peniche, inda iska ke da gishiri.
Kwarkwaro arba'in na ƙas-ƙas a yatsunta
kamar haƙoran mai jin ɗari.
Ni ina teku, ita tana zare.

Sai wata shekara yatsun suka ƙi.
Da asuba ta ɗaga su gabanta, sandararru,
gaɓɓai sun kumbura kamar ƙullin igiyar jirgi,
sai hantsi ya dubi ludayi kafin ta riƙe kofi.
Amosanin gaɓɓai, in ji asibiti:
garkuwar jikinta ce ta juyo tana cin gida.

Ran da aka ba mu takardar gwajin jini
a mota na karanta, da tabaraunta.
Kitsen jini: ƙasa.
Ƙasa da nawa nesa ba kusa ba.
Na ce, "Ko ba komai, zuciya lafiya lau."
Har burodi mai zaƙi muka saya a hanya.

Ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Likita Ilda Varela ba ta taya mu murna ba.
Ta ɗora biro kan wani layi can ƙasa,
ma'aunin kumburi, ya tsallake shinge.
"Albano, kai masunci ne.
In ruwa ya janye ya bar jirage kwance a yashi,
cewa kake teku ta ƙare?"
Na ce a'a.
"To, wutar da ke cin gaɓɓanta
ita ke danne kitsen har lambar ta faɗi.
Kuma ba a yatsu ta tsaya ba,
tana bin jijiyoyi, tana ƙuje bangonsu.
Kitsen kirkin ma, mai share hanya,
in kumburi ya daɗe sai ya jingine tsintsiya."

Ta tambayi mahaifin Deolinda.
Hamsin da takwas, a kan gadar jirage,
da kwandon kifi a kafaɗa.
Ta rubuta. Ta dubi aljihuna:
"Wannan kwalin taba, na waye?"

Allura a cinya, duk mako biyu.
Ni ke yi mata, hannuna na rawa, ita tana dariya.
Wata huɗu, zobe ya koma yatsansa.

Sabon gwaji: kitse ya hau.
Gabana ya faɗi, na ce mun gyara rufi, bango ya tsage.
A ranar ce likita ta yi murmushi.
"Ruwa ya dawo.
Yanzu ne za mu san zurfinsa na gaskiya."
Ta ƙara ƙwaya ɗaya, ƙarama, ta dare,
da tafiya bakin ganuwa har fitilar jirage,
da awon hawan jini kowace Talata.

Tabar na bari. Ban ce da sauƙi ba.

Yanzu kwarkwaro goma sha biyu take juyawa,
leshin siriri ne, na bakin hannun riga.
Da dare in ta yi barci
nakan kai kunne bayanta
kamar yadda nake sauraren cikin jirgi
ko ruwa na shiga ta inda ido bai kai ba.
Jiya ta farka ta kama ni.
Ta ce, "Albano, gemunka na soka ta."