Allon Kyarkeci

Sammani ya shigo rumfata da kwali a hammata,
gumin Garwa na ɗiga daga haɓarsa.
Ya ce, Kawu, taɓa ka ji.
Jaka arba'in da biyar,
kuɗin acaɓar wata biyu, rana da ruwa.

A jikin kwalin wani yaro ne, kunnuwa a toshe,
wai shi Kyarkeci,
wai ta waya ake taruwa kallonsa
yana harbin mutanen da ba su da uwa, ba su da kabari.
Ga sa hannunsa a gefen allon, da ruwan zinariya.
Na ce, shi ya ƙera?
Ya ce, a'a, sunansa ne.
To. Na san suna linzami ne,
ban san ana auna shi a mudu ba.

Shekara talatin da ɗaya ina buga takardun mutane
a gindin dogon yaron da ke kallon kotu:
rikicin gona, rabon gado, kukan fansho.
Yatsuna kan gane ƙarya kafin idona.
Na goge hannu a riga, na zauna.

A ba shi haƙƙinsa: yana da nauyi.
Ƙarfe ne a gindinsa, ba ya tsere wa tebur.
Na danna.
Ƙwas.
Kai!
Rabona da wannan kuka
tun da tafiretata ta sha ruwan Binuwai ta yi shiru.
Kowane harafi da ƙashin bayansa,
ka tura shi, ya turo ka,
ba irin na kwamfutata ba
da kake dannawa kamar cikin tarwaɗa.

Sai na nemi A inda na bar ta,
na tarar da Q zaune a kujerarta.
M ta yi ƙaura, ta sauka layin ƙasa.
Na soma gaida alƙali da Faransanci,
abin da ya fito, aljani ma sai ya nemi tafinta.
Haruffa masu hula, babu ko ɗaya.
Namu masu ƙugiya kuwa ban tambaya ba,
dama marayu ne a kowane allo.

Doguwar sandar tazara tana ɗingishi ta hagu,
tana kwaramniya kamar cokali a kwanon sha.
Na sa farce a kan S, fenti ya biyo ni.
Igiyar an haife ta da shi, ba ta cirewa:
ran da ɓera ya yi buɗa-baki da ita, sai ta'aziyya.
Fitilu kuma, ja, kore, shuɗi,
suna tsere a ƙarƙashin yatsu
kamar shagon aski a jajibirin salla.
Ban ga harafin da suka gyara ba.

Na ce, Sammani, ga hukunci:
jaka ashirin ka ba wa ƙarfe,
ashirin da biyar ka ba wa Kyarkeci sadaka,
shi kuwa bai san ana kiranka Sammani ba.

Bai yi musu ba. Ya ja kujera, ya kunna wasansa.
Harafi huɗu kacal yake takawa cikin ɗari,
amma yatsun nan, wallahi,
irin nawa ne sanda nake saurayi,
kafin sanyi ya shiga gaɓɓai.
Ya ci wani a Marwa, ya yi ihu,
mai shayi ya leƙo ko gobara ce.

Magariba wuta ta ɗauke.
Fitilun suka mutu, sa hannun ya ɓace.
Ya miƙa hannu ga kwali.
Na ce, bar shi ya kwana nan,
ban gama bincike ba.

Da ya tafi na janyo shi cikin duhu,
ba kwamfuta, ba takarda, ba mai ƙara a gabana.
Na buga sunana, na buga na mahaifina,
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
har ladan ya kira lisha.
Na san duk kuskure ne.
A ba ta nan.